Manhaja ɗaya, injuna iri-iri: wa ke raba aikin?

Tambaya: Malam, ina da Debian, wani tsarin Linux, a laftof ɗina da kuma a wata 'yar kwamfuta, Raspberry Pi. An ce furosesarsu ba iri ɗaya ba ce, amma duk manhajar da na nema a nan sai in same ta a can. Shin mai kula da manhajar yana da kowace irin na'ura ne a ɗakinsa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ina! Ɗan'uwa, da haka ne da tuni masu aikin sa-kai sun watse. Gaskiya ne, laftof ɗinka yaren furosesa na amd64 yake ji, Pi kuwa arm64, kuma abin da aka haɗa wa ɗaya ba ya tashi a ɗayan. Mai kula da manhaja rubutun asalinta kawai yake turawa. Daga nan sai wani kundi mai suna wanna-build ya shigar da ita layi, kowane irin inji da layinsa. Injunan da ake kira buildd su ke zuwa su ɗauki aiki. Da zarar ɗaya ya ɗauka, kundin ya rubuta "ana ginawa", don kada wani ya maimaita. Idan manhajar na bukatar wata da ba a gama ba, sai ta zauna jira.

Abin da ya fi burge ni shi ne sbuild, kayan aikin da buildd ke yin ginin da shi. Kowane gini a sabon ɗaki yake yinsa, ba komai ciki sai kayan aiki na tushe da abin da mai manhajar ya lissafa. Ka manta abu ɗaya, asirinka ya tonu.

Wahalar tana wajen injunan da ba kowa ke da su ba. Injin s390x na IBM yana jera bayit (ƙananan guntayen bayanai) ne saɓanin yadda laftof ɗinka ke yi, sai ka ga manhaja ta wuce ko'ina lafiya, ta zo nan ta cije. Kuma in a baya tana ginuwa a kansa, sabuwar ba za ta wuce daga unstable (rumbun sababbin manhajoji) zuwa testing (rumbun da ake shirya fitowa ta gaba) ba sai an gyara. Masu manhaja kan yi gunaguni, ni dai ina bayan dokar: kuskuren na cikin rubutun tun farko, injin nuna shi kawai ya yi.

Layukan ma suna canzawa. Debian 13, ta Agustan 2025, ta karɓi wani nau'in furosesa mai suna riscv64 a hukumance. Ka leƙa buildd.debian.org, ka rubuta sunan manhajar da kake so, za ka ga inda ta ginu da inda ta faɗi, har da dalili.