Busasshen tabo a hannu da ya ƙi warkewa: me ke kawo shi, mene ne maganinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekaruna 32, yarana uku. Kusan wata takwas ke nan bayan hannuwana da tsakanin yatsuna suna bushewa wuri-wuri, su yi kaushi da duhu, wani lokaci su tsage har da jini. Akwai ƙaiƙayi, musamman in na gama wanki. Na sayi man shafawa a kemis, in na shafa ya lafa, in na daina ya dawo. Da hunturu abin ya fi tsanani. Mene ne wannan, kuma yaya zan rabu da shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ciwon fata sai an gani da ido ake yanke hukunci, amma yadda kika siffanta abin, ya fi kama da kircin hannu, wato egzimar da yawan taɓa ruwa da sabulu ke haddasawa. Ita ce kan gaba a cikin abubuwan da ke kawo irin wannan tabo, ga matan gida, ma'aikatan jinya, masu sayar da abinci, masu wankin mota da masu gyaran gashi.

Saman fatar mutum yana da wani maiƙo da ke riƙe ƙwayoyin fatar wuri ɗaya, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Shi ne ke hana ruwan jiki fita, ya kuma hana abin waje shiga. To omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su yanke maiƙo, kuma ba su san bambancin maiƙon tukunya da na hannunki ba. Idan aka wanke shi sau da yawa a rana, fata ba ta samun sararin mayar da shi. Sai ta bushe, ta tsattsage, kumfa da ruwan albasa da na tumatir da barkono su shiga ta tsagar, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, susa kuma ta ƙara masa kauri da duhu. Bayan hannu da tsakanin yatsu sun fi kamuwa saboda fatar wurin ba ta da kauri, kuma nan kumfa ke maƙalewa, haka ma ƙarƙashin zobe. Iskar hunturu ba ta da laima, shi ya sa take ƙarasa abin da sabulu ya fara. Mai asma, ko mai yawan atishawa, ko wanda ya yi kirci yana yaro, fatarsa ta fi saurin lalacewa haka.

Man da kika saya kuwa, mai yiwuwa yana cikin mayukan nan masu haɗin magani uku, waɗanda ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. Sitiroyid yana kwantar da kumburi cikin kwana biyu ko uku, amma tunda hannun yana komawa cikin omo kullum, da an daina sai ciwon ya tashi. Yawan shafa shi wata da watanni yana sa fata ta sirance, ta koɗe, ta riƙa tsagewa da sauƙi. Ina ba ki shawara ki ajiye shi, ki tafi da kwalinsa ranar da za ki ga likita.

Kafin magani, ki duba jikinki da kyau, domin akwai cututtukan da ke kama da wannan amma maganinsu daban. Idan hannu ɗaya ne kawai ya kamu, tabon yana da baki a kewaye yana faɗaɗa, ko tafin hannun yana fitar da gari fari a cikin layukansa, sannan tsakanin yatsun ƙafa ma yana saɓa, to a yi zargin makero. Shi sitiroyid ƙara masa ƙarfi yake yi, ya ɓoye kamanninsa. Maganinsa man clotrimazole sau biyu a rana na kimanin mako huɗu, na tafin hannu kuma galibi sai an haɗa da ƙwayar terbinafine da likita zai rubuta. Idan tabon yana da kauri da ɓawo fari-fari a kan gaɓoɓin yatsu, akwai irinsa a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa ko cikin gashi, farce kuma yana da ƙananan ramuka, to a yi zargin soriyasis, wato ciwon da ke sa fata yin kauri da ɓawo. Ƙaiƙayin da ke hana barci da dare, har yara ma suna susa, ƙazuwa ce, kuma gida duka ake yi wa magani.

Akwai kuma wanda jikinsa ne ya ƙi wani abu guda. Sinadarin kuromet da ke cikin siminti yana yi wa magina haka, haka ma ƙarfen nikel na zoben ado, robar safar hannu, da baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi. Idan tabon ya bi zanen lalle ko ya tsaya daidai wurin zobe, mai yiwuwa kin gano mai laifi. A asibitin fata ana manna sinadarai a gadon bayan mutum na awa 48 a duba wanda ya tayar da ciwon.

Abu ɗaya da ba na so kowa ya yi wasa da shi: tabon da ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma in an goga masa auduga mutum ba ya ji. Wannan na iya zama farkon kuturta. Tana warkewa sarai, maganinta kyauta ne, kuma kama ta da wuri shi ke hana nakasar yatsu. Naki mai ƙaiƙayi ne, don haka bai yi kama da ita ba.

To idan kircin sabulu ne, rabin maganin yana wajen wanki. Ki daina tsoma hannu tsirara cikin ruwan omo ko bilic. Ki nemi safar roba mai tsawo, ki sa siririyar safar auduga a ciki don ta shanye gumi, kuma kada ki wuce minti 20 ba ki cire hannun ya sha iska ba, domin gumin da ya taru a cikin roba shi ma yana ɓata fata. In ruwa ya shiga safar, ki cire ki shanya. Tara wanke-wanke a yi shi sau ɗaya ko biyu ya fi a yi ta tsoma hannu duk yini. Makonni biyun farko, in da mai taya ki wankin, ki karɓi taimakon. Ki cire zobe kafin aiki. Wajen wanke hannu, ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, sabulu mara ƙamshi kaɗan, a ɗauraye sosai, a dangwala tawul har tsakanin yatsu ba a murza ba. Sabulun kashe ƙwayoyin cuta da ruwan maganin da ake ɗigawa a bokitin wanka ba su da amfani a nan, ƙara bushewa suke yi. Haka goga lemon tsami, toka, ko dirza wurin da soso da dutsen kaushi.

Sauran rabin shi ne mai, kuma mai kauri. Basilin fari mara turare ko man kaɗanya tsantsa sun fi man ruwa-ruwa mai ƙamshi nesa ba kusa ba. Lokacin shafawa ya fi yawan man muhimmanci: cikin 'yan mintoci bayan hannu ya bar ruwa, yana da sauran danshi. Bayan kowace alwala, bayan wanka, bayan wanke-wanke. Ki ajiye ƙaramin gwangwani kusa da buta da wani a kicin, in ba haka ba mantawa za ki yi. Da dare ki jiƙa hannun a ruwa mai ɗumi minti 5 zuwa 10, ki tsane, ki lafta basilin, ki sa safar auduga ki kwana da ita. Ki kula, safar da ta sha basilin tana saurin kama wuta, kada ki kusanci murhu ko gas da ita. Inda fata ta yi kauri ba tsaga, man shafawa mai sinadarin yuriya kashi 10 cikin ɗari yana tausasa ta, amma yana yin zafi a kan buɗaɗɗen ciwo.

Wurin da ya riga ya kumbura yana ƙaiƙayi, mai kaɗai ba zai kwantar da shi ba, sai da sitiroyid na ɗan lokaci kuma daidai gwargwado. A bayan hannu, in abin bai yi tsanani ba, hydrocortisone kashi 1 cikin ɗari sau biyu a rana na mako ɗaya zuwa biyu. Tafin hannu da tabon da ya daɗe ya yi kauri suna bukatar wanda ya fi shi ƙarfi, irin betamethasone ko mometasone, kuma wannan likita ne zai zaɓa ya faɗi ranar dainawa. Ma'aunin shi ne a matso man daga kan yatsa manuni zuwa gaɓar farko, wajen rabin giram ke nan, ya isa hannu ɗaya ciki da baya. A kan tabon kaɗai ake shafa shi, a bar kamar rabin awa tsakaninsa da basilin. Tsaga mai zurfi a cika ta da basilin a rufe da filasta.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne bayan tabon ya ɓace. Ido yana ganin fata ta warke, alhali kariyarta tana ɗaukar makonni har watanni kafin ta dawo daidai. A daina sitiroyid, amma safa da mai su ci gaba, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Duhun da ya rage zai koɗe a hankali cikin watanni in an daina susa. Kada ki sa masa man bilicin, domin zai sake tayar da ciwon.

Idan kin bi wannan mako huɗu ba sauƙi, ki je asibiti a kankare ɓawon wurin a duba shi don makero, a kuma gwada suga idan kina yawan fitsari da ƙishirwa. Amma in wurin ya fara ruwa, ya yi ɓawo rawaya, ko mugunya, ko zafi da kumburi suna hawa hannu, ko zazzaɓi ya zo, ƙwayoyin cuta sun shiga, ki tafi a ranar.