Sabarmu ta yi nauyi, tashi kuma ya gagara

Tambaya: Malam, wata biyu ke nan shafin kasuwancinmu yana jan ƙafa a kan sabar girgije da muke haya, wato kwamfutar wani kamfani da ke ɗauke da shafin a intanet. Mun kai kuka, sun ce komai lafiya lau a wajensu. Da muka so tashi, mai haɗa mana manhaja ya ce aikin wata shida ne. Yaudara ce wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya a kira shi yaudara, domin da hannunku kuka sa wa takardar. Je ka sake karanta ta. Galibi alkawarin da ke ciki shi ne sabar za ta kasance a kunne, ba a ce za ta yi sauri ba. In an rubuta za ta kasance a kunne kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, to an yafe musu kusan minti 43 kowane wata, in kuma suka zarce, rangwame za su yi maka a kuɗin haya, asarar cinikinka kuwa taka ce. Shafin da ke buɗewa da ƙyar, a lissafinsu yana aiki. Sau da yawa na'ura ɗaya kuke rabawa da wasu 'yan haya, wani ya danne ta, kai ka sha wahala.

Abin da ya ɗaure ku kuwa ba kwantiragi ba ne. Idan an gina manhajarku a kan rumbun bayanai irin DynamoDB, wanda na Amazon ne shi kaɗai, tashi yana nufin sake rubuta ta. Ga kuma kuɗin fitar da bayanai: shigarwa kyauta, fitarwa da biya. A 2024 Google ya yafe wannan kuɗi ga mai barinsa gaba ɗaya, Amazon da Microsoft suka biyo baya, dokar Tarayyar Turai kuma ta hana cajin sauya kamfani daga 12 ga Janairun 2027. An samu sauƙi, amma yafiyar ba ta rubuta wa kowa manhaja.

Shi ya sa kwastomomi ke kumfar baki su zauna. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 ma'ajiyar bayanai ta Amazon mai suna S3 ta tsaya kimanin awa huɗu, an yi ta Allah wadai, kasuwar Amazon kuwa ta ci gaba da bunƙasa. Dropbox, kamfanin ajiye fayiloli a intanet, da ya kwashe mafi yawan bayanansa daga Amazon ya koma nasa injinan, sai da ya share fiye da shekara biyu yana aikin.

Ni dai ba zan ce ku tashi cikin fushi ba. Ku auna saurin shafin daga waje na mako biyu, ku kai musu alƙaluma, ku nemi na'urar da ba ku rabawa da kowa. A gefe guda mai manhajarku ya fara mayar da rumbun bayanan kan PostgreSQL, wanda ba a ɗaure yake da kamfani ɗaya ba, ya ɗora kwafi a wani kamfani ya gwada. Watakila wata shidan nan ma ya ragu.