Ɗana ya haddace surori amma bai iya nuna kalma ɗaya ba, wasan kwali zai taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama, ina wuni, ya ɗalibai. Ni uwa ce daga nan Garwa ta Kamaru, ɗana shekararsa 7, da safe lakwal yake zuwa, wato makarantar boko, yana ajin CP na firamare, da yamma kuma makarantar allo. Daga Nasi har Fili yana kawo su da ka ba gargada, amma ranar nan na buɗe masa izu nace nuna min inda aka rubuta "ƙul" sai ya tsaya yana kallona. Maƙwabciyata tace in yanka kwali in rubuta kalmomi mu riƙa wasa da shi, ni kuma tsoro nake kar ya zama wasa da Alƙur'ani. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi ya sa mahaddaci ne. Ki kwantar da hankalinki, yaron da ya riƙe surori 10 a kansa yana shekara 7 ba daƙiƙi bane, kunnensa ne ya riga idonsa tafiya. Haka mafi yawan yaranmu suke, ana biya musu suna amsawa, baki ya ɗauka, shi kuma allon yana kan cinya kawai. Na taɓa zama kusa da wata yarinya a ajina tana karanta Nasi da murya mai daɗi, yatsanta ya kai ƙarshen allo tun tana aya ta uku, ta ɗage yatsan ta ci gaba da karatu tana kallon ƙofa. Ranar na gane cewa in ban tilasta wa ido yayi aikinsa ba, yarinyar nan zata yi nisa a hadda bata san rubutu ba. Ga naki kuma da ƙarin kaya, Hausa a gida, Fillanci a titi, da safe Faransanci ana rubutu daga hagu zuwa dama, da yamma Larabci daga dama zuwa hagu. Ai dole ido ya ɗan ruɗe.

Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki, wasan yana aiki, ni kaina ina yinsa. Amma tsoronki ma yana kan hanya, dan haka bari in fara da shi. Kar ki rubuta aya cikakkiya a kwali, kar ki rubuta sunan Allah, kalma ɗaya ɗaya kawai. Wannan da kaina na koya, dan farkon da na fara na rubuta har da sunan Allah, lokacin hunturu ne muna tsakar gida, iska ta taso ta kwashe kwalayen, washegari na tsinci guda ɗaya a bakin turken awaki. Wallahi ranar ban iya cin abincin kirki ba, tun daga nan ban sake ba. A yi wasan a kan faifai ko tire a bisa tabarma, ba a ƙasa ba, in an gama a ƙirga su a zuba a gwangwani mai murfi a ɗora sama. Wanda ya tsufa ya yage a ƙona shi ko a binne a wuri mai tsarki. Maganar alwala kuwa, abin da muka karanta a Ahalari shine an yi wa mai koyo rangwamen taɓa allonsa da juzu'in da yake karatu a ciki, amma ni nafi son yaro yayi alwalarsa kafin a zauna, yana sa shi ya san zaman ba irin na langa bane. Kuma kar a sa kuɗi ko wani abu na wanda ya ci ya kwashe na ɗan'uwansa, wannan ƙofar caca ce. In zaki bada tukuici, dabino ko gyaɗa, daga hannunki ya fito.

Toh yanzu kayan aiki. Kwalin sukari da ya ƙare ya isa, ki yanka shi gutsi-gutsi kamar girman kwalin ashana, guda 12. Kalmomi 6 zaki rubuta, kowace sau biyu, da manyan baƙaƙe da wasullansu. Kalmomin kuma daga surorin da ya riga ya haddace zasu fito, kar ki ɗauko masa baƙuwar kalma, duk dabarar a nan take: bakinsa ya san sautin tuntuni, fuskar kalmar ce kawai bai sani ba, ke haɗa su zaki yi.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki ki duba kafin ki ɗora alƙalami, dan shi yake ɓata wa iyaye da yawa aiki basu sani ba. Wane rubutu ne a allonsa? Makarantun allonmu galibi ruwayar Warshu ake yi da rubutun magaribi, a can fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun Hafsu da ake kawowa daga Saudiyya, wanda Islamiyyu suke amfani da shi, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Kinga kenan baƙin da malam ya koya masa a matsayin ƙaf, a ɗaya littafin fa ne. Yana iya yiwuwa ma izun da kika buɗe masa ranar ba irin rubutun allonsa bane, yaro ya nemi "ƙul" ɗinsa bai ganta ba. Dan haka ki kwaikwayi hannun malaminsa, ko ki aika da kwalayen malam ya rubuta miki da tawadarsa, ba zai ƙi ba in kin yi masa bayani. Sunayen baƙaƙen ma ki kira su yadda ake kira a makarantarsu, in alu da ambaki da ha kuri ake ce masa a babbaƙu kar ke ki zo da wasu sunaye daban a gida.

Zagayen farko kwalaye a buɗe. Ki ɗauki mai "annasi" ki karanta masa, ki bashi tsinke, ki ce shiga cikin surar ka kamo min ita duk inda ta ɓuya. Sau 5 take a Nasi. Yara suna son wannan farautar sosai, kuma akwai tarko a ciki wanda nake jira kullum: "alkhannasi". Kusan duk yaro sai ya cafke ta yace ga ta shida. Kar ki ce masa yayi kuskure, ki ajiye kwalin a ƙarƙashin kalmar ki ce duba da kyau, tagwaye ne ko 'yan'uwa ne kawai? Zai ƙura ido, zai ƙura, can sai yace wannan tana da wani baƙi a tsakiya. Wannan lokacin da ya ga baƙin da kansa, shine karatun ya fara. A nan ne kuma zai tambaye ki me yasa ake rubuta lam amma ba a faɗinta, tunda shi "birabbin nasi" yake ji. Ki ce masa nun ce ta haɗiye ta, shi yasa aka ɗora mata shadda, baƙaƙe 14 ne masu yin haka, amma kar ki jera masa su yanzu. Bayan Nasi sai Falaƙi, "sharri" sau 4 take. A Ƙulhuwa kalmar "lam" sau 3, "ahad" sau 2, sannan ga "yalid" da "yulad" waɗanda wau ɗaya ne ya raba su a baƙaƙe. "Ƙul" ɗin da ta tsayar da shi kuwa zai same ta a farkon Nasi da Falaƙi da Ƙulhuwa da Kafiruna, ki bar shi ya yi ta buɗe shafi yana kamo ta.

In ya kwana uku huɗu yana wannan sai ki kife kwalayen. Kowa ya buɗe biyu, in sun zo iri ɗaya nasa ne, amma da sharaɗi, sai ya karanta kalmar kuma ya kawo ayar da take ciki. In basu zo ɗaya ba ya karanta su duka biyun ya mayar. A nan ki sa yayarsa ko ƙaninsa, ke ma ki shiga, kuma wani lokacin ki karanta ba daidai ba da gangan ki gani ko zai kama ki. Ranar da ya ce "Mama ba haka bane" ki san aiki yayi kyau.

Wani abin da nake jin daɗinsa shine yawancin kalmomin nan yaron Bahaushe ya san su tun a gida. Sharri dai sharri ne. Waswasi yana cikin Nasi, hassada tana ƙarshen Falaƙi, la'asar da hasara da haƙƙi suna cikin Wal'asri in ya kai can, mulki yana leƙowa daga "maliki". In ya buɗe kwali ki tambaye shi, ka taɓa jin wannan a bakin kaka? Kalmar da yaro ya san ma'anarta bata saurin guduwa.

Sai mataki na ƙarshe, wanda ni a wurina shine jarrabawar gaskiya. Ki tara murafen kwalba, ki liƙa takarda a ciki ki rubuta baƙi ɗaya ɗaya, sai ki riƙa haɗa masa kalmomin Hausa da ajami: rana, nama, sama, baba, dala. A nan ba hadda da zata cece shi, ba ayar da zai jingina da ita, ko ya karanta ko bai karanta ba. Kuma tunda ba Alƙur'ani bane sai ku sake jiki, ayi dariya, a rubuta sunan akuyar gida ma in ana so. Da murafen ne kuma zaki nuna masa yadda baƙi yake canza kama a farko da tsakiya da ƙarshe, ki rubuta kalmar a haɗe a takarda kusa da murafen ya kwatanta, da kuma baƙaƙen nan 6 da basa kama na bayansu, alu da dal da zal da ra da zaira da wau. Shi yasa "rana" take fitowa a rarrabe, yara suna zaton kalma biyu ce.

Kar zaman ya wuce minti 10 zuwa 15, bayan magariba in zafi ya ɗan sauka, ko Alhamis da Juma'a da ba makarantar allo. A tashi tun yana so, kuma dan Allah ba bulala a wannan zaman ko kaɗan. Kullum a rufe da karanta surar gaba ɗaya daga allo, tsinke yana bin kalma kalma, baki baya wuce tsinke. Duk sati ki cire kalmomi biyu da ya ƙware ki sa sababbi daga inda malam ya kai shi. In an yi wata biyu zuwa uku kina gani yana kai kwalin dab da hancinsa, ko yana murza ido, ko har yanzu ba da ta da nun duk ɗaya suke a wurinsa, ki kai shi asibiti a duba idonsa, dan ɗigo ƙaramin abu ne kuma shi kaɗai ya raba baƙaƙen nan.

Na daren yau ki fara da ƙul, annasi, sharri, min, lam da ahad. "Alkhannasi" ki bar ta a cikin surar tukuna, ya ci karo da ita da kansa.