Rumfar mota mai sola a jami'a, da gaske tana riƙe makaranta?

Tambaya: Salam Injiniya. Na ga hoton wata jami'a a Amurka an yi rumfunan ajiye motoci, rufin gaba ɗaya farantan sola ne, wai daga nan suke samun wuta. Don Allah wannan zai iya riƙe makaranta guda ko dai burga ce kawai? Kuma me ya hana su ɗora a kan gine-gine?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba burga ba ce malam, amma kuma ba ita ke riƙe makarantar ba. Ɗauki Jami'ar Jihar Michigan da ke East Lansing, a 2017 suka rufe filayen fakin guda 5, wurin motoci kusan 5,000, da farantai wajen 40,000. In rana ta take suna ba da megawat 10 da ɗoriya, amma in ka tattara na shekara duka bai wuce kamar kashi 5 cikin 100 na wutar da makarantar ke sha ba. Eh, biyar fa. Makaranta ce mai ɗalibai wajen 50,000, ga ɗakunan gwaje-gwaje da ba a kashe musu wuta dare da rana, ga shi yankin lokacin sanyi sai a yi kwanaki rana ba ta leƙo ba.

Batun rufin gini kuwa, hau saman irin waɗannan gine-ginen ka gani, duk injinan AC ne da bututu, wani rufin ya tsufa ba zai ɗauki nauyi ba, wani kana huda shi ka jawo yoyo. Shi ko filin fakin dama an riga an malale shi da kwalta, ba gonar kowa aka cinye ba, mota ta samu inuwa, kuma abin da mutane ba su cika sani ba shi ne sola haske yake so ba zafi ba, farantin na wuce digiri 25 ƙarfinsa ke fara raguwa, kamar kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, to iskar da ke ratsawa ƙarƙashin rumfa tana ɗan sanyaya shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Ƙarafan rumfar da kankaren da za a binne su a ciki su ke sa ta fi wadda ake shimfiɗawa a ƙasa tsada, dole ta yi tsayin da babbar mota za ta shige, dole ta jure iska. Su Michigan ma ba aljihunsu suka taɓa ba, kamfani ne ya gina, su kuma suka yi yarjejeniyar sayen wutar na shekara 25. Daga faranti sai inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin wadda ake sha a gine-gine, daga nan wutar ta shige layin makaranta a sha ta nan take, da dare tashar wutarsu ta ci gaba.

A nan ne namu ya bambanta. Jami'ar Bayero ta Kano da aka ƙaddamar wa tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, a ƙasa aka jera farantan, aka haɗa da batura da janareta (7.1 ɗin jimillarsu ce duka, ba ta faranti kaɗai ba), don ba za ka dogara da NEPA ta cike maka giɓi ba. Ni a ganina makarantar da ke da fili fetal ba ta da dalilin ɓata kuɗi a rumfa, sai dai ƙarama a bakin ofis. Sannan ka tuna da ƙurar hunturu, wanke faranti a ƙasa da tiyo abu ne mai sauƙi, amma a sama da kan motocin malamai, sai ka nemo tsani, ka kuma jira ranar Asabar da filin ya zama wayam.