Rawa ko karkarwa? Da ma'anar "ƙarfe ɗaya ba ya amo"

Wani ɗalibin kimiyya ya aiko da tambaya: "Malam, ina so in yi wa ƙannena bayani da Hausa kan yadda wutar lantarki ke bi ta cikin waya. An koya mana cewa ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke reras, amma kullum cikin motsi suke. Wace kalma ta dace da wannan motsi, girgiza, karkarwa ko rawa?"

Ɗana, tambayarka ta faranta mini rai. Ka fara ajiye karkarwa gefe guda, tare da makyarkyata. Bahaushe in ya ji su, ɗari ne ke zuwa masa a zuciya, ko tsoro, ko zazzaɓi. Shi kuwa ƙarfe akasin haka yake: zafi ke ƙara wa ƙwayoyinsa motsi, sanyi ya kwantar da su. In ka ce karkarwa, ka ɓatar da ƙannenka tun daga bakin ƙofa. Girgiza kuma tana neman mai girgizawa daga waje, kamar yadda ake girgiza bishiya ko ƙwaryar nono.

Ni rawa na zaɓa. Ba rawar dandali nake nufi ba. Mukan ce haƙori yana rawa, ƙafar kujera tana rawa, wato abu yana nan a mazauninsa bai tashi ba, amma bai tsaya cik ba. Haka ƙwayoyin suke. Jerin nasu kuma ka kira shi raga, domin raga tana da ƙulli a tsare, tana da kafofi, kuma in ka taɓa gefe ɗaya sai duka ta amsa. Elektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ta cikin wannan raga suke ratsawa. In rawar raga ta tsananta sai ta riƙa karkatar da su daga hanya, abin da za mu kira turjiya. A wayar jan ƙarfe, duk digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ƙara turjiya da kimanin kashi 4 cikin 1000.

Ɗalibin ya kuma tambayi kalmar fonon, wato sunan da masana kimiyya ke ba ƙwaya ɗaya ta wannan rawa ta raga. Asalinta Girkanci ne, daga kalmar da ke nufin murya ko sauti. Igor Tamm na Rasha ya kawo tunanin a 1930, Yakov Frenkel ya raɗa sunan a 1932. Da Hausa sai in ce ƙwayar amo, tunda amon da kake ji in maƙeri ya bugi uwar maƙera, wannan rawar ce ta ratsa ƙarfen.

Wata malamar firamare kuma ta tambayi ma'anar "ƙarfe ɗaya ba ya amo". Malama, an fi faɗinsa wajen sulhu. In mutum biyu sun yi faɗa kowa yana wanke kansa, sai dattijo ya ce haka, ma'ana da ɗaya ya yi shiru da rigima ba ta tashi ba. Akan kuma faɗe shi don nuna cewa aiki na neman abokin yi. Na haɗa tambayarki da ta ɗalibin ne don sun dace. Tun 1928 Felix Bloch ya nuna cewa da raga ba ta da aibi kuma ba ta rawa, da elektaron ya wuce ba abin da ya tare shi. Turjiya sai an yi biyu, wato elektaron da abin da ke tare shi a raga.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wannan rawa mai hana tafiya ita ce kuma ke buɗe hanya. A 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyarta ta ɓace ƙurmus. (Zaiba aro ce daga Larabci, ita ce farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa.) Sai a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka warware dalili, aka ba su kyautar Nobel a 1972. Ka tuna igiyar shanya: in ka rataya jiƙaƙƙen zane sai ta lotsa, na kusa da shi ya zamo ya same shi. Haka elektaron na farko ke jawo raga wajensa, kafin ta koma daidai na biyu ya biyo sawu, su zama tagwaye masu tafiya tare ba tuntuɓe. Dalma, wadda elektaron ɗinta ke jin rawar raga sosai, tana shiga wannan hali na ɓacewar turjiya in an sanyaya ta sosai. Azurfa da zinariya da jan ƙarfe kuwa, duk da sun fi ta kai wuta a zafin ɗaki, ba a same su da shi ba, saboda jituwar elektaron da ragarsu ba ta da ƙarfi.