Za a iya tara ƙarfin birki a cikin man haidirolik?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne, gyaran tifa da katafila nake yi, musamman ɓangaren haidirolik. Wani yaron shagona ya nuna mini bidiyon wata motar shara a Amurka, wai idan direba ya taka birki ƙarfin ba ya tafiya a banza, ana tura shi cikin wata tukunya da mai, in za a tashi kuma a sako shi ya tura motar. Gaskiya ne ko sharrin intanet? In gaskiya ne, me ya sa ba mu ganinta a nan, kuma mutum zai iya haɗa wa tifa irinta? Famfo da tiyo da tukunyar gas duk ina da su.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, yaronka bai yi maka ƙarya ba. Amma tukunyar gas ɗin nan da ka ambata, don Allah ka bar ta inda take, zan zo kanta.

Ka san yadda durom yake idan tifa ta sauko gangare da lodi, ba ka iya ɗora masa hannu, wani lokaci har ƙaurin lainin birki kake ji daga nesa. Wannan zafin kuɗin mai ne. An ƙona dizal an sa motar gudu, birki ya karɓe gudun ya mai da shi zafi, iska ta kwashe. Ana iya lissafa yawansa: rabin nauyin motar, a ninka da gudunta, a sake ninkawa da gudun. Tifa mai tan 20 da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana ɗauke da kusan kilojul 700 (kilojul ma'aunin ƙarfi ne). In ta kai kilomita 60 ba ninki biyu zai zama ba, ninki huɗu ne, wajen 2,800, tunda gudun sau biyu ya shiga lissafi.

Dabarar da ka gani ita ce a ba gudun wani aiki kafin lainin birki ya taɓa durom. Ana ɗaura famfon haidirolik a jikin farfela. Direba na taka birki, sai kwamfutar motar ta sa famfon ya fara aiki, tayoyi ne kuma ke juya shi, ba inji ba. Yana zuƙo mai daga tanki mai ƙaramin matsi yana cusa shi a wata tukunya mai kaurin gaske, wadda masu sana'ar ke kira akumuleta. Wahalar cusa man nan ita ke rage wa motar gudu. Da direba ya koma kan totur sai a buɗe bawul, man ya dawo da ƙarfi ta cikin famfon, famfon ya koma kamar inji mai juya farfela. Birkin asali yana nan, shi ke ƙarasa tsayar da motar, shi ne kuma na gaggawa.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton cewa a cikin man ake ajiye ƙarfin. Kai da kake aiki da jak ka san mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake ɗaga bodin tifa. Abin da ba ya matsuwa kuwa ba ya ajiya. Mai ɗan aike ne kawai. A cikin tukunyar akwai wata jakar roba mai kauri, kamar tub ɗin taya, cike da iskar naitirojin, wasu kuma fistin ne ke raba iskar da man. Idan mai ya shigo sai ya matse jakar, iskar ta takure, matsinta ya haura har wajen bar 350 (bar ma'aunin matsi ne). Takurarriyar iskar ce ma'ajiyar. Kamar ɗanƙon harbin tsuntsu ne, ka ja ka riƙe, ka saki ya dawo da abin da ka zuba masa. Tsofaffin motocin Citroën tun daga shekarun 1950 da irin waɗannan ƙwallaye masu naitirojin da mai suke tafiya a madadin sifirin, don haka tukunyar kanta ba sabon abu ba ce.

Abin da ya ja hankalin injiniyoyi ga wannan hanya shi ne sauri. Tsayar da tifar can mai kilojul 700 cikin daƙiƙa shida yana nufin a karɓi ƙarfin da ya haura kilowat 100 a ɗan wannan lokacin. Batir ba ya son a ɗura masa haka, yana zafi, yana tsufa, musamman batiran shekaru 20 da suka wuce. Tukunyar matsi ko a jikinta. Tana shanyewa nan take, ta amayar nan take, ta maimaita sau dubu ɗaruruwa ba ta gaji ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ta daɗe tana bincike kan abin a ɗakin gwajinta da ke Ann Arbor a jihar Michigan, ta ce tsarin na iya dawo da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da birki ke zubarwa.

To ga inda gizo ke saƙa. Tukunyar tana da saurin ci amma cikinta ƙarami ne. Mai ɗaukar lita 50 na iska, in an matse ta daga bar 120 zuwa 350, abin da ta riƙe bai wuce kilojul 500 da ɗoriya ba. Lita ɗaya ta dizal tana da kusan kilojul 36,000. Wato wannan ƙatuwar tukunya da sai mutum biyu sun ɗaga ta, ƙarfin da ke cikinta daidai yake da na babban cokali ɗaya na dizal. Batirin litiyom mai nauyi ɗaya da ita ya fi ta ajiya sau ɗari ko fiye. Kuma ba ta riƙe amana na dogon lokaci: iska tana zafi in an matse ta, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu, zafin yana fita ta jikin ƙarfe, matsin yana sauka. Shi ya sa wasu masu ƙira ke cusa soso a cikin iskar don ya riƙe zafin. Ajiyar tsayuwa ɗaya ce, ta tashi ɗaya.

Daga nan za ka gane wace mota abin ke yi wa rana. Mu koma kan tifarmu. Inji yana mai da kusan kashi ɗaya cikin uku na dizal ne zuwa tafiya, saura zafi ne a salansa da lagireto. In an ceto kashi 70 na kilojul 700 ɗin nan, an huta da ƙona kusan mililita 40, cokali uku ke nan a kowace tsayuwa. Tifar da ke ɗauko yashi daga rafi ta kai wurin gini, in ta yi cikakkiyar tsayuwa sau 20 a yini, ribarta ba ta kai lita ɗaya ba, ga shi an ɗora mata ƙarin ƙarfe mai nauyi da take ja duk inda za ta. Motar shara a biranen Amurka kuwa ƙofa-ƙofa take bi, tana tsayawa sau ɗaruruwa a rana. Tsayuwa 500 a wannan lissafin lita 20 ce. Ko ka raba biyu, tunda ba kullum take kai kilomita 30 tsakanin gida da gida ba, riba ce ta kullum, ga lainin birki da zai daɗe bai cinye ba. Masu motocin shara da yawa ma wannan ragin kuɗin birkin ne ya fi burge su.

Tirelar Kano zuwa Legas ba ta da rabo a nan. Haka nan kada wani ya ce zai taimaka a dogon gangare irin Hawan Kibo: cikin 'yan daƙiƙu tukunyar ta cika, sauran gangaren sai ƙaramar giya da birki kamar yadda aka saba. Na taɓa yi wa Keke Napep lissafin don nishaɗi. Da direba da fasinjoji, a ce kilo 700, a gudun kilomita 30, ƙarfin bai kai rabin cajin batirin wayar hannu ba.

Tsari biyu aka gwada. Na farko ɗori ne: a bar giya da farfela yadda suke, a maƙala famfon a gefe yana taimakawa wajen tsayuwa da tashi. Kamfanin Eaton ya sayar da irinsa a motocin shara na Peterbilt, Bosch Rexroth ma ya yi nasa aka gwada a motocin sharar New York da na Berlin, yana cewa ragin mai na iya kaiwa kashi 25 cikin 100. Na biyun ya fi zurfi. Ana cire giya baki ɗaya, inji ba shi da aiki sai juya famfo, mai ne ke kai ƙarfi ga tayoyi, don haka injin yana zama a juyin da ya fi masa tattali, ana ma iya kashe shi in tukunya ta cika. Irinsa hukumar muhallin ta nuna a 2006 a jikin motar raba kaya ta kamfanin UPS, ta ce a gwajin ɗaki tattalin mai ya ƙaru da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Alƙaluman ɗakin gwaji ne, a kan titi ba a cika samun haka ba. Kamfanin Parker Hannifin ya haɗa nasa tsarin mai suna RunWise a motocin shara na Autocar, aka fara aiki da su a yankin Miami wajen 2010.

Har kamfanin Fijo ya gwada sa'arsa a ƙananan motoci. A watan Janairun 2013 PSA Peugeot Citroën ya sanar da Hybrid Air, tare da Bosch, da alƙawarin rage shan mai da kashi 45 cikin 100 a cikin gari da fitowa kasuwa a 2016. Duk da iska da aka sa a sunan, naitirojin ne da mai, irin wanda muke magana. A 2015 aka jingine aikin saboda ba a samu wani kamfanin mota da zai raba kuɗin ƙira da su ba.

Abin da ya danne fasahar, a ganina, ba gazawar famfo ba ne. Batir ne ya yi arha. Tsakanin 2010 da 2020 farashin batirin litiyom ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, ya kuma ƙara jure saurin caji. Motar lantarki tana ceto ƙarfin birki da injin da ke tura ta, ba tare da ƙarin famfo ko tukunya ba, sannan tana tafiyar kilomita ɗaruruwa ba ta sha mai ba. Ta haidirolik kuwa komai ƙwarewarta motar dizal ce mai tsimi. Gwamnatoci suka karkata tallafi ga lantarki, masu saye suka bi, Eaton ma ya daina sayar da nasa. Motocin da aka ƙera ba su da yawa tun asali, shi ya sa ba su biyo tokunbo sun iso mana ba.

Yanzu batun haɗawa da kanka. Famfon tifa mai haƙora ne, kowane juyi adadin mai ɗaya yake turawa, ko dai yana aiki ko ba ya yi. In ka ɗaura shi a farfela, birkinka zai zama ko babu ko kuma fizga mai jefa direba kan sitiyari. Wanda ake buƙata mai fistoci ne da aka jera a da'ira, suna taka wani faranti mai karkata, irin wanda ka sani a babban famfon katafila mai haƙa. Karkatar farantin ce ke ƙayyade yawan man, kwamfuta ce kuma ke juya shi gwargwadon yadda ƙafar direba ta nutsa, tana sauraron gudun tayoyi don kada su ja a ƙasa mai santsi. Irin wannan famfon ba ya shiri da ƙura. Tazarar da ke tsakanin sassansa ta fi silin gashi sirantaka, don haka man da aka juye da buɗaɗɗen mazurari a tsakiyar hunturu zai cinye shi cikin ɗan lokaci.

Sai tukunya. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan kai take ɗauka. Tankin iskar birkin tirela wajen bar 8. Tukunyar gas ɗin girki ita ma a wannan matakin take aiki, bar 10 ko ƙasa da haka. Ko ta CNG da ake ɗaura wa motoci yanzu bar 200 ce. Mu kuwa 350 muke magana. Tukunyar girki ba za ta kai ko kusa ba za ta tsage, tsagewar tukunya mai matsattsiyar iska kuma bam ce, ba kamar fashewar tiyon jak ba da mai ke tsiyayewa a huta.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari, kuma shi ne ya fi kusa da hannun bakanike. Naitirojin ake zubawa saboda ba ya taimakon wuta. In aka matse iska mai oksijin da sauri a inda akwai mai, abin da ke faruwa a cikin silindar injin dizal ne zai faru: zafin matsi ya kunna man. Tukunyar oksijin ta mai walda tana nan a kusan kowane gareji, tana da matsi, jikinta kuma ya yi kama da ta naitirojin. Kada a taɓa cika akumuleta da ita, kada kuma a cika da iskar kwamfuresa.

Wannan gargaɗin ya shafe ka ko ba ka haɗa komai ba, domin fasahar ta samu wurin zama a ɓangarenka. Katafila mai haƙa tana juya jikinta ta tsaya sau dubbai a yini, nauyi mai yawa da tsayuwa mai yawa, daidai abin da tukunyar ke so. Kamfanin Caterpillar ya fito da katafila samfurin 336E H a 2013, wadda ke tara ƙarfin tsayar da juyin a tukwanen naitirojin ta yi amfani da shi a juyi na gaba, kamfanin ya ce tana rage shan mai har kashi 25 cikin 100. Injinan haƙa na yau da kullum ma da yawansu suna da ƙaramar akumuleta a layin sarrafawa. In irinsu ta shigo hannunka, kashe inji ba ya nufin matsi ya sauka. Ka sauke bokiti ƙasa, ka bi matakan sauke matsi da littafin injin ya tsara, ka ga geji ya koma sifili kafin sifana ta taɓa kowane noti. In kana neman inda ke yoyo, sa kwali, kada yaronka ya shafa tiyo da hannu: man da ke fita ta ƙaramar huda a wannan matsin yana huda fata kamar allura, kuma ko ramin bai fi cizon sauro ba, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, a gaya wa likita cewa man haidirolik ne ya shiga.