Hukuncin riƙe kuɗi mai hoton sarki da gicciye

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibin tarihi ne. An koyar da mu cewa dinaren da ake ciniki da shi a zamanin Manzon Allah (SAW) na Rumawa ne, da hoton sarkinsu da gicciye a jiki. Haka ne? In haka ne, karɓarsa bai zama yarda da mulkin wancan sarki ba? Kuma ya matsayin sallar wanda ke da kuɗi mai hoto a aljihu?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, abin da aka koya maka gaskiya ne. Makka da Madina ba su da gidan buga kuɗi a lokacin. Zinariya daga Rum take zuwa, nauyin kowane dinare kusan giram 4.5, kamar yadda sarkin Rum Kustantin ya tsayar tun farkon ƙarni na 4 na Miladiyya. Wanda sarkin Rum Hirƙala ya buga, shi da ya yi mulki daga 610 zuwa 641, yana ɗauke da fuskarsa, galibi tare da ɗansa, bayansa kuma gicciye ne bisa matakala. Azurfa kuwa ta Farisa ce: Kisra, wato sarkin Farisa, da kambinsa a gaba, a baya murhun wutar Majusawa da masu tsaronta biyu. Da waɗannan Sahabbai suka yi sadaki, suka fitar da zakka.

Su sarakunan sun san abin da suke yi. Talakan da bai taɓa ganin fada ba, a tafin hannunsa yake ganin mai mulkinsa. Sai dai niyyar mai bugawa daban, ta mai kashewa daban. Mutanen Makka kan sikeli suke ɗora kuɗin, su ɗauke shi a matsayin ƙarfe mai nauyi kaza, shi ya sa hadisi ya ce awon nauyi na mutanen Makka ne. Shari'a ta rataya nisabi ga dinare 20 da dirhami 200, ba ta ce a kankare fuskar kowa ba. Annabin da ya aika wa Hirƙala wasiƙa yana kiransa zuwa Musulunci, wa zai ce ya yi masa mubaya'a don an yi ciniki da kuɗinsa a Madina?

Bayan cin Farisa ma gwamnonin Musulmi sun daɗe suna buga dirhami da hoton Kisra, sai su ƙara Bismillah a gefe. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya canza lamarin, daidai lokacin da sarkin Rum Jastiniyan na Biyu ya sa hoton da suke cewa na Annabi Isa (AS) ne a kan zinariyarsa. Da farko Halifa ya buga nasa hoton, yana tsaye da takobi, aka cire wa gicciyen hannuwa ya koma sanda. A shekara ta 77 bayan Hijira ya bar hoto gaba ɗaya, dinare ya zama rubutu zalla: kalmar shahada da ayoyi. Abin mamaki, wannan ma bai tsira daga magana ba, don wasu sun ƙi jinin mai janaba ya taɓa aya. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi a nan, sun ce babu laifi marar alwala ya taɓa dirhami.

Saboda haka riƙe irin wannan kuɗi halal ne, don ciniki ko don nazari, kuma sallarka ta inganta da shi a aljihu, haka ma naira mai hotunan shugabanni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a huda mai gicciye a rataya a wuya, ko a kafa shi a ɗaki don girmamawa, domin Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa Annabi ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Idan kuma za ka sayi tsohon dinare na zinariya, cinikin ya zama hannu da hannu, kuma nauyinsa ya shiga lissafin zakkarka.

Allah ne mafi sani.